Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina: Asalin Wani Ministan Jihar Arewa da Aikinsa

An haifi Alhaji Isa Kaita a Katsina a shekarar 1912, ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 1994. Ya yi malanta, ya yi aikin rediyo, ya yi wa Sarkin Katsina sakatare, sannan ya zauna a kujerar minista a Gwamnatin Jihar Arewa daga 1954 har zuwa juyin mulkin watan Janairu na 1966. Mafi yawan waɗannan shekaru ya yi su ne a Ma'aikatar Ilimi, kuma da ita aka fi tunawa da shi. Tarihinsa ya cancanci nazari domin kusan duk matakan da ministocin Arewa na wancan zamani suka taka kafin su kai Kaduna, shi ma ya taka su, a jere kuma a fili: gidan sarauta, Kwalejin Katsina, aikin En'e (hukumar gargajiya), sannan majalisa.

Jihar Arewa da ake magana a kanta ta fi ƙarfin abin da ake kira jiha a yau. Ta ƙunshi larduna 12, suka zama 13 bayan da Lardin Sardauna ya shigo a 1961, kuma faɗinta ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Nijeriya. Tana da Gwamna, da Firimiya, da Majalisar Wakilai, da Majalisar Sarakuna, duka a Kaduna. Tsarin mulkin 1954, wanda ya mai da Nijeriya tarayya, ya bar wa jihohi harkar makarantun firamare da na sakandare, da aikin gona, da lafiya, da lura da hukumomin gargajiya. Saboda haka ministan jiha yana da iko a kan abubuwan da suka shafi talaka kai tsaye fiye da yawancin ministocin da ke Legas. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zauna a Kaduna yana Firimiya, ya bar mataimakinsa a jam'iyya, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya tafi tarayya.

Mahaifin Isa Kaita shi ne Waziri Haruna, ɗaya daga cikin manyan na hannun daman Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Wannan dangantaka tana da nauyi. Dikko ya hau sarauta ne a farkon mulkin Turawa, lokacin da sarautar Katsina ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa, kuma tun daga farko ya yanke shawarar cewa ilimin da Turawa suka zo da shi abin amfani ne ga masarautarsa. A lokacin da hakimai da dagatai a wurare da dama suke ɓoye 'ya'yansu, wasu har suna tura 'ya'yan bayi da na barori a madadinsu, Dikko da mutanensa nasu 'ya'yan suka kai makaranta. Dikko ya yi aikin hajji a 1921, ya bi ta Ingila, ya ga abin da ya gani. Ya karɓi kwalejin horar da malamai a garinsa, ya kuma yarda aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina a farkon shekarun 1930. Yaron da ya tashi a gidan wazirin irin wannan sarki zai yi karatun allo kamar kowa, amma ba za a yi gardamar shigarsa boko ba. Sunan Kaita na wani gari ne da ke arewa da birnin Katsina, wajen iyaka da Nijar. Ɗaukar sunan gari al'ada ce ta 'yan makarantar wancan lokaci, shi ya sa ake da su Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Sa'adu Zungur.

Bayan makarantar Katsina ta farko, Isa Kaita ya shiga Kwalejin Katsina, ya fito a 1932. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe kwalejin a hukumance a 1922, da nufin samar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Musulmi. Ɗalibanta kaɗan ne, kuma zaɓaɓɓu, kowane lardi da nasa kason. Ana karatu shekara biyar, ana ba Turanci muhimmanci ƙwarai, musamman iya furta shi, ana koyar da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, kuma ba a yarda ɗalibi ya watsar da addininsa ko tufafinsa na gida ba. Akwai wasanni, musamman wasan fayif, wanda Sardauna bai daina yi ba har bayan ya zama Firimiya. Turawan da suka kafa kwalejin malamai suke nema, amma abin da ya fito daga cikinta ya wuce haka. Aliyu Makaman Bida, da Kashim Ibrahim, da Ahmadu Bello, da Abubakar Imam, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sun bi ta can cikin shekara goma sha wani abu. Banufe da Babarbare da Bafulatani da Bahaushe sun kwana wuri ɗaya, sun ci abinci tare, sun san halin juna tun suna samari. Da aka zo kafa gwamnati bayan shekara ashirin, kowa ya san wanda ya girme shi a makaranta da wanda ya taɓa koya masa, kuma wannan girmamawa ta bi su har majalisar zartarwa. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Isa Kaita ya koyar a Midil ta Katsina shekara tara. A wancan lokaci midil ita ce makaranta mafi girma a lardi, kuma malaminta mutum ne da ake gani da daraja, ko da albashinsa bai taka kara ya karya ba. Abubakar Imam ma ya koyar a wannan makaranta kafin aikin talifi ya ja shi Zariya.

A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗauki Isa Kaita tare da Bello Dandago na Kano aka kai su Akra, a ƙasar Gwalkwas wadda ake kira Ghana yanzu, domin su riƙa karanta labarai da Hausa a gidan rediyon da ake kira ZOY. Turawan Ingila suna da dalilansu. Hausa ita ce harshen bariki a rundunar sojan Afirka ta Yamma, kuma dubban 'yan Arewa sun tafi yaƙi, da farko gabashin Afirka, daga baya Bama. Akwai Hausawan zango a Akra da Kumasi da sauran garuruwan fatauci. Ga kuma ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar, waɗanda har ƙarshen 1942 suke hannun gwamnatin Bishi mai biyayya ga Jamus, ana kuwa so labarin yaƙi ya isa can ta bakin Ingila. Aikin farfaganda ne, babu ɓoye-ɓoye. Amma ya sa waɗannan mutane biyu cikin na farko da suka yi wa Hausa hanya a rediyo, shekara 16 kafin BBC ta buɗe sashenta na Hausa a 1957. Sai mai karanta labarai ya nemo yadda zai faɗi jirgin ruwa mai nutso da tankar yaƙi da sunayen garuruwan Turai ta hanyar da mai sauraro a kasuwa zai gane. Zaman Akra ya kuma nuna masa wata ƙasar mulkin mallaka inda 'yan ƙasa suke da lauyoyi da likitoci da jaridu nasu, abin da babu kamarsa a Arewa a lokacin.

Ya dawo gida a 1944, shekarar da Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Sabon sarki ya ɗauke shi sakatare, ya shiga aikin En'e ta Katsina. En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani: ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke da baitulmali, da kotunan alƙalai, da 'yan doka, da gidan yari, da makarantun elimantare, da asibitin sha-ka-tafi. Sakataren sarki yana tsaye ne tsakanin fada da ofishin Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, yana juya takardu daga Turanci zuwa Hausa, yana juya bukatun fada zuwa irin rubutun da Bature zai amince da shi. Wanda ya yi wannan aiki ya koyi kasafin kuɗi, ya koyi rubuta takardar majalisa, ya kuma koyi yadda ake faɗa wa babba gaskiya ba tare da an kunyata shi ba. A 1948 aka tura shi Exeter a Ingila ya yi kwas a kan harkar mulki. An naɗa shi Madawakin Katsina, daga baya ya zama Waziri, sarautar da mahaifinsa ya riƙe.

Siyasar jam'iyyu ta same shi a wannan matsayi. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta faro ne a matsayin ƙungiyar al'adu ta 'yan boko a ƙarshen shekarun 1940, ta rikiɗa ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a watan Oktoba na 1951. Isa Kaita yana cikin waɗanda aka fara tafiyar da su, ya riƙe muƙamin sakataren kuɗi na jam'iyya, kuma a zaɓen 1951 ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa. Zaɓen na hawa-hawa ne: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai matakin lardi, kuma En'e tana da damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe. Tsarin ya fi dacewa da ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarauta, shi ya sa suka cika majalisar. Jam'iyyar adawa ta NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agusta na 1950, ta gina adawarta a kan wannan. Hujjarta ita ce mulki ya tashi daga hannun Bature ya koma hannun sarakuna da 'ya'yansu masu boko, talaka yana nan inda yake, kuma kotun alƙali da 'yan doka sun zama makamin murƙushe 'yan adawa. Akwai gaskiya mai yawa a zargin, kuma duk mai nazarin ministocin Arewa dole ya ajiye shi kusa. Abin da NPC ke mayarwa shi ne, mutanen da suka san aikin mulki a Arewa ba su da yawa, kuma kusan dukkansu a En'e suke. Wannan ma gaskiya ne.

A 1954, shekarar da Sardauna ya zama Firimiya, aka naɗa Isa Kaita Ministan Ayyuka, kujerar da shi Sardauna ya fara riƙewa a 1952. Daga nan ya koma ma'aikatar da ke kula da albarkatun ƙasa, wato gona da dabbobi da gandun daji, a zamanin da gyaɗa da auduga ke ɗauke da tattalin arzikin jihar. A 1957 ya zama Ministan Ilimi, ya gaji Makaman Bida wanda ya koma kan harkar kuɗi. Bai sake barin wannan ma'aikata ba sai da gwamnatin ta faɗi.

Abin da ya tarar yana da ban tsoro. Turawa sun taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, su kuma ba su kashe kuɗin kirki a kan makarantu ba. Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, wadda Hans Vischer, da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano, sai a 1909 ta fara, alhali a Kudu mishan sun fi shekara 60 suna koyarwa. A 1960 yaran firamare a duk Jihar Arewa ba su kai 300,000 ba, a lokacin da Jihar Yamma da Jihar Gabas kowacce take da fiye da miliyan ɗaya, ga shi kuwa Arewa ta fi kowaccensu yawan jama'a. Ko a cikin Arewar ma rabon bai daidaita ba: lardunan Kabba da Ilori da Binuwai da Filato da kudancin Zariya, inda mishan suka samu shiga, sun yi wa Sakkwato da Kano da Katsina da Barno nisa. Ga mulkin kai ya ƙarato. Arewa ta samu nata ranar 15 ga Maris, 1959, Nijeriya ta samu 'yanci ranar 1 ga Oktoba, 1960, ofisoshi kuwa cike suke da Turawa da 'yan Kudu. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da ya kama ma'aikatar ta yi ke nan.

Manufar gwamnatin Sardauna ta mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ita ta tsara wa Ma'aikatar Ilimi aikinta. Ka'idar ita ce a ba ɗan Arewa aiki idan akwai wanda ya cancanta. Idan babu, a ɗauki Bature na ɗan lokaci bisa kwantaragi, domin shi zai tafi, ɗan Kudu kuwa zai zauna. Manufar ta jawo ɗaci mai yawa a Kudu, kuma ba za ta yi aiki ba sai an samu 'yan Arewan da za a ba kujerun. Saboda haka ƙarfin ma'aikatar ya tafi wajen makarantun sakandare, da kwalejojin horar da malamai, da ba da sukolashif. An ɗaga tsofaffin midil suka zama sakandaren lardi. An ƙara kwalejojin malamai, aka buɗe babbar kwalejin horar da malamai a Zariya a 1962. Cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya ta riƙa ɗaukar malaman makaranta da ma'aikatan En'e tana ba su horon gaggawa, su fito su gaji Turawa a matsayin jami'an mulki, wato D.O.

A nan ne Arewa ta bambanta da sauran jihohin biyu. Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta ga kowa a 1955, Gabas ta bi sahu a 1957, ko da yake kuɗi sun gaza mata har ta dawo da biyan wani abu. Arewa ba ta shiga wannan tsere ba. Hujjar ma'aikatar ita ce babu malamai, babu kuɗi, kuma buɗe aji ba tare da ƙwararren malami ba yaudarar iyaye ne. A 1961 aka gayyato wani masanin harkar makarantu daga Ingila mai suna Oldman ya duba yadda za a tafiyar da firamare da yadda za a biya kuɗinta. Rahotonsa ya haifar da dokar ilimi ta 1962, wadda ta kafa hukumomin ilimi na yankuna, ta kuma tsara haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da En'e da ƙungiyoyin da ke da makarantu. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 yaran firamare sun kai wajen rabin miliyan. Ci gaba ne na gaske idan aka duba inda aka faro, amma tazarar da ke tsakanin Arewa da Kudu ba ta rufe ba. Masu yaba wa wannan zaɓi suna nuna ingancin ɗaliban da suka fito a lokacin, waɗanda suka riƙe ma'aikatu da jami'o'i da soja shekaru da dama bayan haka. Masu suka suna cewa taka-tsantsan ɗin ya yi wa masu mulki daɗi, domin talakan da bai yi karatu ba ba ya yawan tambaya. Adalci shi ne a ce ƙarancin malamai da kuɗi gaskiya ne, ba a ƙirƙire shi ba, amma kuma gwamnatin ba ta matsa wa hakimai da iyaye yadda take da ikon yi ba, musamman a kan karatun 'ya'ya mata. An buɗe Makarantar Sarauniya Elizabeth a Ilori a 1956 da wasu kwalejojin mata, amma yawan 'yan matan da ke makaranta a lardunan can arewa ya ci gaba da zama abin kunya. Gwamnati ce da matan jiharta ba su da ko ƙuri'a.

Akwai kuma batun makarantun allo da na ilimi, waɗanda ɗalibansu suka ninka na boko. Turawa sun bar su a gefe, ba taimako ba tsangwama. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Arewa ta fara neman hanyar da za a kusanto da su, ta duba yadda ƙasashe irin su Sudan da Masar suka yi, ta kuma ƙarfafa makarantun Islamiyya masu haɗa karatun addini da lissafi da rubutun boko. Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda malamai daga Sudan suka taimaka wajen ginawa tun tana makarantar shari'a a 1934, ita ce ta riƙa samar da malamai da alƙalai. Aikin bai yi nisa ba kafin 1966, kuma matsalar almajirci da ake fama da ita yau tana da saiwa a wannan aiki da ba a ƙarasa ba.

Babban abin da aka gina a zamanin ministancinsa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello. Hukumar Ashby mai binciken ilimi mai zurfi a Nijeriya, wadda Shettima Kashim Ibrahim yake cikin mambobinta, ta miƙa rahotonta a 1960, ta ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa. Gwamnatin jiha ta yi doka, aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, Norman Alexander ɗan ƙasar New Zealand yana shugabanta, Sardauna yana uban jami'a. An harhaɗa ta ne daga cibiyoyin da suke nan tun da: reshen Zariya na kwalejin fasaha da kimiyya ta Nijeriya, da cibiyar Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. Sunan Sardauna jami'ar ta ɗauka, kuma nufinsa ne ya tsayar da ita. Wannan ya shafi yadda ake auna kowane minista na wancan zamani. Gwamnatin Arewa ta mutum ɗaya ce mai kwarjini, ministoci kuwa suna aiki ne a inuwarsa, kuma tarbiyyar fada da suka taso da ita ba ta yarda bara ya yi gasar suna da ubangidansa ba. Isa Kaita yana cikin na kusa da Sardauna ƙwarai, waɗanda ake shawara da su. Rabonsa a aikin shi ne na mai kai doka majalisa, mai kare kasafin kuɗi, mai zagaya larduna yana lallashin sarakuna, mai daidaita tsakanin manyan ma'aikata Turawa da matasan 'yan Arewa da ke ɗokin gadonsu.

Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, aka kashe Tafawa Ɓalewa bayan an ɗauke shi daga gidansa a Legas, gwamnatin farar hula ta rushe. A watan Mayu na 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, muƙamin ministan jiha ya tafi da ita, kwamishinoni suka maye gurbinsa. Isa Kaita ya ci gaba da zama a Kaduna, yana riƙe da sarautarsa ta Waziri, yana cikin hukumomin gudanarwa na wasu kamfanoni, ana kuma neman shawararsa a matsayin dattijo. A Jamhuriya ta Biyu Shugaba Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya naɗa shi shugaban hukumar ɗa'ar ma'aikata, wadda tsarin mulkin 1979 ya tanada domin masu riƙe da muƙamai su riƙa bayyana kadarorinsu. Yana cikin dattawan da suka yi fafutukar a cire Katsina daga Jihar Kaduna, abin da ya tabbata a watan Satumba na 1987, shekara bakwai kafin rasuwarsa. Kwalejin ilimi ta Jihar Katsina da ke Dutsin-Ma tana ɗauke da sunansa, haka ma wani babban titi a Kaduna.